Wa Zai Riƙe Mabuɗin Taswirar Kaduna?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu waɗanda suka riga mu kama aikin gwamnati, muna roƙonku ku saurare mu a kan wata magana wadda in an ji ta daga nesa sai a ɗauka ta masu aikin kwamfuta ce kaɗai. Alhali kuwa ta shafi duk wanda mahaifinsa ya bar masa ɗaki ɗaya a Tudun Wada ko Unguwar Shanu, ta kuma shafi ƙaramin ma'aikacin da ke tsimin albashinsa wata-wata da fatan wata rana ya mallaki fuloti a bayan Kawo ko Rigasa. Maganar ita ce ta taswirar garin nan namu, wadda a zamanin nan ta bar takarda ta koma cikin kwamfuta. Wa ya cancanci ya gan ta, wa ya cancanci ya taɓa ta, wa kuma zai riƙa bin sawun masu taɓawar?

Bari mu fara da abin kunyar da ya same mu mu kanmu, don kada a ce laifi tudu ne, mun take namu muna hango na wani. A zangon karatun da ya wuce an ba ajinmu aikin zana magudanan ruwa na wata unguwa da ke kusa da makaranta. Muka yi mako uku muna bin lunguna da wayoyinmu, muna ɗaukar ma'aunin kowace kwata da kowane kwalbati, muna rubuta wadda ta toshe da wadda ta karye. Da yamma kowa ya zuba abin da ya samo a cikin taswira guda wadda muka ajiye a intanet. Saboda lalaci sai muka buɗe ta da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, muka rarraba wa kowa, har da abokan da ba 'yan ajinmu ba. Ana saura kwana biyu mu miƙa aikin, muka wayi gari rabin magudanan sun ɓace, waɗanda suka rage kuma wasunsu sun gusa sun hau kan gidajen mutane. Aka shiga zargin juna. Har yau ba a gano wanda ya yi ba, mai yiwuwa ma shi da ya yi bai san ya yi ba, domin kwamfutar suna ɗaya kawai ta sani, sunan nan kuwa namu ne duka. Mu dai maki muka rasa, gaisuwa kuma ta yi sanyi tsakanin wasunmu. To, amma da hankali ya kwanta sai muka tambayi kanmu: da a ce iyakokin filayen mutane ne a cikin taswirar nan fa?

Ya kamata mu bayyana wa wanda bai taɓa zama gaban irin wannan aiki ba yadda abin yake. Ku ƙaddara fallayen takarda ne masu haske kamar gilashi, an jera su wani bisa wani. Falle na ƙasa hoton gari ne da aka ɗauka daga jirgin sama ko tauraron ɗan'adam. A bisansa akwai fallen tituna, sai na kogi da rafuka da wuraren da ruwa ke ci, sai na bututun famfo irin waɗanda ke ɗauko ruwa daga matatar Malali, sai na turakun lantarki, sai na makarantu da asibitoci, sai na fulotai da lambobinsu. Kowane zane kuma yana ɗaure da bayani a bayansa. In ka danna fuloti, sunan mai shi zai iya fitowa, da girman filin, da lambar fayil, da ranar da aka ba da takardar mallaka, da ko an jinginar da shi a banki. Dukan fallayen nan suna zaune a rumbu ɗaya, watau babbar kwamfuta, ma'aikatu dabam-dabam kuma suna iya leƙa su daga ofisoshinsu a lokaci guda. Mai kula da rumbun yana da ikon ya ce wane zai ga fallen tituna amma ba zai ga na fulotai ba, wane zai ga fulotai amma a ɓoye masa sunayen masu su, wane zai iya gyara amma a gundumar Kawo kaɗai, wane kuwa sai kallo. Wannan rabon izini shi ne abin da muke magana a kai.

Kaduna gari ne da aka haifa a kan taswira. Kano da Katsina da Zazzau sun girma a cikin ganuwarsu shekaru aru-aru kafin wani safiyo ya zo ya auna su. Kaduna kuwa sai da Turawan mulkin mallaka suka zana ta a takarda kana aka gina ta, lokacin da Gwamna Lugga ya ƙudura ɗauko hedkwatar Arewa daga Zungeru, aka kuwa kammala dawowar a 1917. Tun a zanen farko aka ware unguwar Turawa da barikin soja da wajen zaman 'yan ƙasa, ba tare da an nemi shawarar waɗanda za a zaunar a cikin zanen ba. Taswirar tana ofishin safiyo, talaka bai taɓa ganinta ba, sai dai ya wayi gari ya ga an kafa dutsen siminti. Bayan samun mulkin kai gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauko wani Bature masanin tsara birane, Max Lock, shi da abokan aikinsa suka binciki garin, aka buga rahotonsu a 1967 da tsarin da ya hango Kaduna har zuwa 2017. Sa'an nan a watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin 'yan Nijeriya baki ɗaya. A nan Arewa dama dokar filaye ta 1962 ta riga ta shimfiɗa irin wannan tsari. Mu lura da kalmar nan, amana. Bisa ga dokar, abin da mutum ke riƙe da shi a birni izinin zama ne a kan fili, shaidarsa kuwa takarda ce da rajistar da gwamnati ke ajiyewa. Ashe ke nan wanda ya riƙe rajistar ya riƙe gidajen mutane.

Iyayenmu sun san wahalar zamanin fayil a ko'ina cikin ƙasar nan: fayil ya ɓata, gara ta ci wani, fili ɗaya ya fito da takarda biyu, 'yan'uwa su ƙare a kotu. Don maganin wannan ne aka fara mayar da rajistar filayen Abuja cikin kwamfuta a 2003, a ƙarƙashin hukumar da ake kira AGIS. A 2015 kuma Jihar Kaduna ta yi dokar kafa tata hukumar, watau KADGIS, wadda ofishinta ke kan titin Ali Akilu, ta karɓi aikin filaye daga tsohuwar ma'aikatar filaye da safiyo. Muna ganin wannan ci gaba ne, ba mu da jayayya a kai. Sai dai ya kamata a san cewa kwamfuta ta kawar da wasu haɗura ta kawo wasu. A zamanin takarda mai son cin filin wani sai ya saci fayil ko ya goge tawada, gogewa kuwa tana barin tabo, masinja ma zai iya ganinsa ya fita da abu a hammata. A kwamfuta mutum zai iya jan layin iyaka taku goma cikin ƙiftawa da bisimilla, babu tabo, sai fa in tun farko an tsara rumbun ya riƙa rubuta kowane motsi. Haka kuma a da babu wanda zai iya sunkutar ɗakin fayil ya kai gida. Yau kuwa ɗan filash guda a aljihu zai ɗauke bayanan gari sukutum.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: a sauƙaƙa ganin taswira, a tsananta taɓa ta. Abin da muka gada tun daga zamanin Turawa akasin haka ne, watau mai haƙƙi ba ya gani, na ciki kuwa hannunsa a sake yake. Muna so a juya wannan.

Mu fara da gani. A ganinmu fallayen taswira sun kasu uku. Kashi na farko su ne waɗanda ya wajaba a buɗe wa kowa kyauta, ba sai ya rubuto takardar roƙo ba: tituna da faɗin da aka tanadar musu, iyakokin gundumomi, makarantu da asibitoci da kasuwanni da maƙabartu tare da iyakokinsu, tsarin gari na nan gaba, wuraren da ruwa ke ci, da zanen fulotai da lambobinsu da matsayinsu, ba tare da sunayen masu su ba. Dalili a fili yake. Kogin Kaduna ya yi babbar ambaliya a 2003, ya sake yi a 2012, mazauna bakin kogi irin su Kigo Road kuma sun san abin da damina mai ƙarfi ke nufi. Amma da rani wurin ƙasa ce busasshiya mai kyaun gani, dillali kuwa da rani yake kai mai saye. Da a ce baƙon da ya zo da kuɗin sallamarsa daga aiki zai iya buɗe wayarsa ya ga filin da ake nuna masa yana cikin inda ruwa ke ci, da ya tsira da guminsa. Haka nan tun da aka fara aikin sabunta birni a 2019, aka faɗaɗa tituna aka sake gadar Kawo, kowa ya ga cewa layin da injiniya ya ja a taswira yana iya ratsa falon mutum. Wanda za a yi wa haka yana da haƙƙin ya ga layin tun kafin ya zuba tubali.

Har wa yau, buɗewar nan kanta gadi ce. Filin makarantar firamare da ake gutsura kaɗan-kaɗan ana gutsurarsa ne saboda babu wanda ya san ainihin iyakarsa sai 'yan kaɗan. In hedimasta da mai unguwa da iyayen yara duk suna iya ganin iyakar, ranar da ta motsa za a ji. Duniya ma ta gwada ta ga amfani. A 2008 Amurka ta saki hotunan taurarinta na Landsat kyauta, ga shi yau ɗalibi a Kaduna yana iya jera hotunan shekaru daban-daban ya ga yadda Rigasa ta bunƙasa ba tare da ya biya ko kwabo ba. A nan Arewa kuma, lokacin yaƙi da cutar shan inna, an zana taswirar ƙauyuka da rugage daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka raba wa masu rigakafi don kada a tsallake kowa, wannan kuwa yana cikin abubuwan da suka taimaka har aka tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka a 2020. Da kowace hukuma ta kulle taswirarta a durowa, da aikin bai yiwu haka ba.

Kashi na biyu su ne bayanan da za a gani da dalili, a kuma rubuta wanda ya gani. A nan ne sunan mai fili yake, da batun jingina, da tarihin cinikin filin. Mai saye yana bukatarsu, banki da lauya da kotu ma haka. A Ingila an buɗe rajistar filaye ga jama'a a 1990, kowa na iya biyan 'yan kuɗi kaɗan ya ga wanda ya mallaki wani gida, amma ko a can da fili ake bincike, binciken da sunan mutum an taƙaita shi ƙwarai. Mu da ke zaune a ƙasar da ake sace mutane don kuɗin fansa mun fi su bukatar wannan taƙaitawa. Bai kamata wani ya iya buga sunan mutum ya ga jerin gidajensa duka ba. Bai kamata kuma ya iya tambayar kwamfuta ta jero masa fulotan da ba a gina ba waɗanda masu su suka daɗe ba su leƙo ba, domin a cikin irin wannan jeri ne filayen marayu da na matan da mazansu suka rasu suke. Mai bincike ya kawo lambar fili ɗaya, ya nuna shaidar kansa, ya biya, a rubuta sunansa, a kuma sanar da mai filin cewa an bincika. Lambar waya da hoto da sunayen magada kuwa ba su da abin yi a hannun kowa sai ma'aikacin da ke kan fayil ɗin. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta riga ta ɗora wa duk mai tara irin waɗannan bayanai nauyin kiyaye su, saura aiki da ita.

A cikin wannan kashi ne kuma hulɗar ma'aikatu da junansu take. Hukumar tsara birane, KASUPDA, tana bukatar ganin fulotai kafin ta ba da izinin gini. Hukumar tara haraji tana bukatar sanin gidaje. Masu ruwan famfo da masu gyaran titi kowa na bukatar fallen ɗan'uwansa, in ba haka ba katafila ta fasa bututu unguwa ta kwana da ƙishi. Ƙa'idar da muke ba da shawara ita ce kowane falle ya zama yana da uba, watau ma'aikata guda da aka sani ita ke da alhakinsa, ita kaɗai ke gyara shi, sauran su gani su yi aiki da shi. In sun ga kuskure su rubuta wa uban fallen. Abin da kowa ke iya gyarawa, ran da ya lalace ba za a sami mai amsa laifi ba, mu shaida ne.

Kashi na uku su ne na sirri na haƙiƙa. Kaduna garin soja ne tun asali, ga hedkwatar Runduna ta Ɗaya, ga barikin sojan sama a Mando, ga makarantar horar da hafsoshi da aka kafa a 1964. Babu mai hankalin da zai ce a baje tsarin cikin waɗannan wurare a kasuwa. Sakaci a nan ba wasa ba ne. A watan Janairu na 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya, ɗan shekara ashirin, ya lura cewa taswirar da kamfanin Strava ya saki, wadda ke nuna hanyoyin da masu motsa jiki ke bi, ta fallasa zanen sansanonin sojan Amurka a ƙasashe irin su Afganistan da Siriya, domin sojojin na gudu da agogunansu a hannu. Kamfanin bai yi nufin haka ba, falle ne kawai aka buɗe ba a yi tunanin abin da ke cikinsa ba. Amma muna gargaɗi kada kalmar tsaro ta zama bargon rufe komai. Wajen barikin nan kowa na ganinsa a Google Maps, balle kwatar Badarawa. Jerin fallayen sirri ya zama gajere, rubutacce, a kuma riƙa duba shi kowace shekara.

Akwai kuma falle ɗaya da muke cewa kada ma a zana shi, ko da za a kulle shi da kwaɗo bakwai, shi ne wanda zai nuna addini ko ƙabilar mazauna gida-gida. Mu 'yan Kaduna ba sai an yi mana dogon bayani ba. Rikicin watan Fabrairu na 2000 da na Nuwamba na 2002 sun sa iyalai da yawa sun ƙetare kogi, wasu suka yi kudu wasu suka yo arewa, waɗanda suka zauna a inda suke tsiraru kuma sun zauna ne bisa amanar maƙwabta. A 1941 ma'aikatan birnin Amsterdam na ƙasar Holan, bisa umarnin 'yan mamaya na Jamus, suka zana taswira mai ɗigo-ɗigo da ke nuna inda Yahudawa suke, daga rajistar da aka tara tun da can da kyakkyawar niyya. Wajen kashi uku cikin huɗu na Yahudawan ƙasar ba su tsira ba. Izinin da aka rubuta yau wata gwamnati na iya sake shi gobe, mabuɗi kuma yana canja hannu. Abin da ba a tara ba shi kaɗai ne ba a iya sacewa.

Yanzu mu koma ga taɓawa, inda muka ce a tsananta. Na farko, kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa shi kaɗai, daga babban darekta har ɗan bautar ƙasa. Na biyu, izini ya zama gwargwadon aiki. Akawun da ke karɓar takardu ba ya bukatar ikon motsa iyaka, safiyon da ke aiki a Malali ba ya bukatar ikon gyara Kurmin Mashi, girman muƙami kuma ba dalili ba ne na mallakar kowane mabuɗi. Na uku, wanda ya zana gyara ba shi zai amince da shi ba, wanda ke raba mabuɗai kuma kada ya zama yana gyaran fulotai. A baitulmali ma ba mutum ɗaya ke rubuta baucan kuɗi ya sa hannu ya biya ba, fili kuwa sau da yawa ya fi abin da ke cikin baucan daraja. Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci, kowane canji ya shiga kundin da ba ya goguwa: wa ya yi, yaushe, bisa wace takarda, yaya iyakar take kafin a taɓa ta. Kwafin kundin nan ya riƙa zuwa hannun wani ofishi na waje, kamar na babban mai binciken kuɗi na jiha, domin mai gadi ma yana bukatar mai duba shi. Mai fili kuma a aika masa saƙo a waya duk ran da aka taɓa fayil ɗinsa. In banki na iya sanar da mu an cire naira ɗari daga ajiyarmu, ba mu ga abin da zai hana a sanar da mutum an taɓa gidansa ba. Na biyar, ranar da aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, ko ɗan kwangila ya gama aikinsa, ranar za a rufe sunansa. Kamfanin da ya gina rumbun ma ya miƙa babban mabuɗi ga gwamnati, in ana bukatarsa a ba shi izini na 'yan kwanaki. Na shida, a ajiye kwafin rumbun a wani gari dabam, a kuma riƙa gwada shi, saboda gobara ba ta sallama.

Mun san za a kawo mana suka, wasu kuma masu nauyi ne. Za a ce wannan tsari zai kawo jinkiri. Gaskiya ne, hannu biyu sun fi hannu ɗaya cin lokaci. Amma jinkirin kwana uku a ofis ya fi shari'ar shekaru a kotu sauƙi, kuma maganin jinkiri shi ne a yanka wa mai amincewa wa'adi a rubuce, a riƙa ganin wanda ya wuce shi. Za a ce gwamnati ta kashe kuɗi mai yawa wajen tara bayanan, ya kamata ta sayar ta mayar. Mun yarda a caji mai neman binciken fili mai hatimi, a caji kamfanonin da ke son bayanai da yawa don kasuwanci. Amma babban kuɗin shigar gwamnati daga filaye yana zuwa ne in mutane sun amince da rajista, suka fito suka nemi takarda, suka biya harajin fili. Wanda aka hana ganin taswira ba zai amince da ita ba, sai ya tsaya ga takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu.

Sukar da ta fi damunmu ita ce ta uku. Za a ce in an buɗe taswira a intanet, masu ilmi da masu kuɗi da dillalai ne za su fara amfana, tsohuwar da ke Hayin Banki ba ta da babbar waya, ba ta kuma san karatun taswira ba, ke nan an ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Wannan gaskiya ce, ba kuma za mu ce muna da cikakken maganinta ba. Abin da muke gani shi ne a rufe ma masu ƙarfin ne ke samu, ta bayan gida, tsohuwar kuwa ko labari ba ta ji. Sai dai buɗewar kada ta tsaya a intanet. A buga taswirar kowace unguwa a babbar takarda, da bayani cikin Hausa da Turanci, a manna a ofishin hakimi da ƙofar mai unguwa da sakatariyar ƙaramar hukuma, a riƙa sabunta ta. A kuma sa ma'aikacin da aikinsa shi ne ya nuna wa mutum filinsa a allo kyauta.

Ku yayyenmu ma'aikata, a hannunku maganar nan za ta tsaya ko ta faɗi. Wata rana babba zai tsaya a kanku ya ce, ba ni kalmar sirrinka zan duba wani abu, ko ya ce, ɗan gyara mini layin nan takardar na nan tafe. Mun san nauyin da ke cikin ƙin maganar na gaba, mun san kuma samun aiki ba sauƙi. Amma ku tuna sunanku ne kwamfuta za ta rubuta. Ran da asiri ya tonu, mai umarnin baki zai ce bai san zancen ba. Ba sai an yi rashin ladabi ba, ya isa a ce, "Ranka ya daɗe, a rubuto mini a fayil, yanzun nan zan yi." In aikin halal ne za a rubuto. Tsarin da muka zayyana ku yake fara karewa, domin shi zai ba ƙaramin ma'aikaci damar cewa na'ura ba ta ba ni iko ba.

Mu ɗalibai kuma muna da namu aikin. Akwai manhajar QGIS kyauta, akwai taswirar OpenStreetMap da aka fara a 2004 wadda kowa ke iya ƙara wa unguwarsa, kuma a cikinta kowane gyara da sunan mai shi yake tafiya. Mu koya, ko da ba fannin safiyo ko labarin ƙasa muke karanta ba, domin mu ne za mu karanta wa iyayenmu taswirar in an manna ta. Muna kuma kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai ta rubuta wa 'yan majalisarmu da ke zama a Lugard Hall, ta nemi a wajabta wa kowace hukumar da ke riƙe da taswirar jama'a ta buga ƙa'idarta ta ba da izini a fili, ta kuma riƙa kai rahoton binciken kundinta gaban majalisa kowace shekara. Tun 2011 ƙasar nan take da dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta yanka kwana bakwai don amsa tambayar ɗan ƙasa, saboda haka neman irin wannan bayani ba rashin kunya ba ne.

Mu dai mun sake zana magudanan unguwar nan a lokacin hutu. A wannan karon kowa ya shiga da sunansa, mutum biyu ne kaɗai ke da ikon sharewa, malaminmu kuma yana ganin kundin. Mun buga kwafi ɗaya mun kai wa mai unguwa, ya tara dattawa suka duba, suka nuna mana kwalbati biyu da muka tsallake. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, mu kuma ya sa in an miƙo mana mabuɗin mu riƙe shi da gaskiya, amin.